Shin Babban Birki Shi Ne Maganin Haɗarin Ƙaramar Mota?

Gabatarwa

A kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Jega, ƙananan motoci ne ke ɗaukar yawancin fasinjojin yankin Lambara tare da buhunan amfanin gonarsu. Sau da yawa lodin yakan wuce abin da aka ƙera motar ta ɗauka. Saboda haka wasu direbobi kan nemi bakanike ya cire birkin da motar ta zo da shi, ya ɗaura mata na wata babbar mota. Tambayar ita ce, shin wannan sauyi yana rage tazarar da mota kan ci kafin ta tsaya?

Yadda birki ke aiki

Duk abin da ke gudu yana ɗauke da makamashi, kuma aikin birki shi ne mayar da wannan makamashi zafi ta hanyar gogayya. Idan direba ya taka birki, yakan matse man birki cikin siraran bututu. Da yake ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfin yakan isa ga kowace taya, kamar yadda Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17. A can ne fatun birki biyu ke damƙe wani faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya. Frederick Lanchester na Ingila ya yi rajistar irin wannan birki mai faifai a 1902.

Zafin da ake samu ba kaɗan ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,000 da ke gudun kilomita 100 a awa, in aka tsayar da ita, zafin da birkinta zai fitar ya isa ya kai fiye da lita ɗaya ta ruwa ga tafasa, cikin daƙiƙa huɗu kacal. In lodi ya kai nauyin kilo 1,500, zafin yakan ƙaru da rabi.

Amfanin babban birki

Babban faifai yana da ƙarfe mai yawa da zai shanye zafi, da kuma faɗin da iska za ta sanyaya. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar Sakkwato, inda zafin bazara kan wuce digiri 40. Idan fatar birki ta yi zafi ainun, riƙonta yakan ragu. Haka kuma man birki yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 140. Da zarar ya tafasa sai tururi ya cika bututu, direba ya taka birki har ƙasa, mota ta ƙi tsayawa. Babban birki yana jinkirta aukuwar wannan.

Iyakar amfaninsa

Sai dai birki taya yake tsayarwa, taya kuma ita ke tsayar da mota. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Matuƙar birkin asali yana iya ƙame taya, ƙara masa girma ba zai rage tazarar tsayawa ba, domin riƙon taya ne ya kai iyaka. A kan busasshiyar kwalta, mota mai tayoyi masu kyau tana cin kimanin mita 14 kafin ta tsaya daga gudun kilomita 50, amma daga gudun kilomita 100 sai ta ci kimanin mita 56. Wato ninka gudu sau biyu yana ninka tazara sau huɗu. In yashi ko ruwan sama ya rage riƙon taya da rabi, tazarar takan sake ninkawa.

Akwai kuma jikin direba. Kafin ƙafa ta motsa, sai ido ya ga saniyar da ta shigo hanya, jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci, sannan umarni ya bi lakar baya zuwa tsokar ƙafa. Wannan yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye, kuma a kowace daƙiƙa mota mai gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28. Gajiya da barci suna tsawaita wannan lokaci, kuma babu birkin da zai gajarta shi.

Haɗarin sauyi ba tare da lissafi ba

Lokacin tsayawa nauyin mota yakan rinjaya gaba, shi ya sa masu ƙera ta suka ba birkin gaba kaso mafi yawa na aikin. In aka ƙarfafa na baya fiye da kima, tayoyin baya za su riga ƙamewa, mota ta juya a tsakiyar titi. In kuma aka sa abin damƙar faifai mai buƙatar mai da yawa, alhali famfon birkin ƙarami ne, sai ƙafa ta nutse sosai kafin birki ya kama. Babban faifai kuma yana iya ƙin shiga cikin ƙaramin wili.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin a kashe kuɗi wajen neman babban birki, ya kamata a fara da tayoyi masu zane da iska daidai, da fatun birki masu inganci, da sauya man birki kamar bayan shekara biyu, da rage lodi da gudu, kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take yawan jan hankali. Malamin kimiyya zai iya sa ɗalibai su auna mita 28 da mita 56 a filin makaranta, su jera su, su taka da ƙafa. Wannan mita 84 ita ce tazarar da ke tsakanin ganin haɗari da tsayawar mota.