Na'urorin da Ke Yin Shiru Don Batir Ya Daɗe

A shekarar 2002, masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da kamfanin Intel sun dasa ƙananan na'urorin awo 32 a tsibirin Great Duck, kusa da gaɓar jihar Maine a Amurka. Wasu an tura su cikin ramukan da tsuntsayen teku ke sheƙa, suna auna zafi da laima, suna aika sakamakon ta iska. Kowace tana rayuwa ne da ƙananan batura biyu irin na rimot, kuma babu mai shiga ya canza su alhali tsuntsu na kwance kan ƙwai.

Babban maciyin batirin shi ne rediyon da ke aika saƙo. Masu bincike Pottie da Kaiser sun ƙiyasta a 2000 cewa wutar da za a ƙona wajen tura kilobit ɗaya nisan mita 100 za ta ishi na'urar yin lissafi kusan miliyan 3. Don haka injiniyoyi suka koya wa na'urorin barci: su farka, su auna, su koma. A jami'ar MIT kuma aka fito da tsarin LEACH, inda na'urori ke karɓa-karɓar aikin tattara bayanan maƙwabta, don kada ɗaya ta mutu ta bar saura.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce ta hasashe, irin ta tsarin Ken na 2006. Na'urar da ke daji da kwamfutar da ke ofis suna riƙe da lissafi iri ɗaya na yadda zafi zai kasance. A ce an yarda da kuskuren rabin digiri: muddin abin da aka auna bai kauce wa hasashen fiye da haka ba, na'urar ba ta cewa komai, ofis ya rubuta hasashensa. Idan aka faɗaɗa iyakar, batir ya daɗe amma ƙiyasi ya yi rauni. Idan aka ƙuntata, rediyo ya dawo da surutu.

Sai dai shirun yana da haɗari, domin na'urar da ruwa ya lalata ita ma shiru take yi. Shi ya sa dole a tilasta wa kowace ta riƙa aiko da gajeren saƙon "ina nan" lokaci-lokaci, ko da zai rage mata kwana. Tsarin da ke gadin ambaliya ko gada bai kamata ya yi rowar wannan wutar ba.