Kasuwar Jita: Shawara Ga Sabon Shiga Wasan EVE Online

Duk wanda ya saba ciniki a kasuwar Aboabo ta nan Tamale ba zai ruɗe da EVE Online ba, wasan kwamfutar da kamfanin CCP ya fitar a 2003. Da jiragen sararin samaniya ake gwabzawa, amma gindin wasan fatauci ne: a saro kaya inda suke da araha, a kai Jita, babbar kasuwarsa, a sayar.

Shawararmu ita ce kada ka loda jarinka kaf a jirgi ɗaya. In 'yan fashi suka harbo shi, inshorar wasan gangar jirgin kaɗai take biya, hajar kuwa ta tafi. Dokar wasan ba ta hana damfara ba, saboda haka mai cewa zai ninka maka kuɗi a Jita, ka bar shi da bakinsa.

Manya ma suna sakaci. A 2014 wata rundunar 'yan wasa ta makara wajen biyan kuɗin riƙe yankinta, aka kwashe awa 21 ana yaƙi, jiragen da aka ƙiyasta a kan dala 300,000 suka salwanta.

Tun 2016 ana iya farawa kyauta. Mu dai muna ganin a gwada wannan tukuna kafin a taɓa sidin shago.