Gyaɗa da Borin Jini a Jikin Jarirai

Abin da Bahaushe ke kira borin jini, wato ruɗu-ruɗun da ke fesowa a fata da ƙaiƙayi, a jikin jariri yakan zama alamar garkuwar jikinsa ta ɗauki wani abinci a matsayin abokin gaba. Madarar shanu da ƙwai da gyaɗa na cikin waɗanda suka fi haddasa shi. Idan ya tsananta, leɓe da harshe kan kumbura, numfashi ya sarƙe, har a rasa rai in ba a hanzarta yin allurar adirenalin ba.

A shekarar 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a hana yaran da ake yi wa fargabar ciwon cin gyaɗa sai sun shekara uku. Binciken da Gideon Lack ya jagoranta a Landan kan jarirai 640, wanda aka buga a 2015, ya rushe wannan fahimta: waɗanda aka saba musu da gyaɗa tun kafin su shekara, ciwon ya ragu a cikinsu da kimanin kashi 80 cikin ɗari. Ashe kunun gyaɗar da uwa ke ɗura wa ɗanta gabanin yaye bai saɓa wa ilimin likitanci ba. Sai dai ƙwayar gyaɗa na shaƙe jariri, kuma mai fama da tsananin kircin fata, likita ya kamata ya fara duba shi.