Birkin da ke Cikin Ƙwaƙwalwa: Yadda Motsin Jiki ke Samun Izini

A can cikin ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin ɓawon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ya lulluɓe ta, akwai wasu dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin jijiya a dama da hagu, waɗanda likitoci ke kira besal gangiliya. Babu jijiyar da ta tashi daga gare su kai tsaye zuwa tsoka, domin umarnin motsi daga ɓawon ƙwaƙwalwa yake sauka, ya bi ta laka ya isa gaɓoɓi. Aikinsu tantancewa ne: cikin ɗimbin motsin da jiki zai iya yi a lokaci guda, su ke zaɓar wanda za a bari, da wanda za a danne, da irin ƙarfin da za a sa.

Saƙon zagaye yake yi. Idan mutum ya yi niyyar miƙa hannu, ɓawon ƙwaƙwalwa zai aika saƙo zuwa mashigar waɗannan dunƙule-dunƙule, wato sitirayetum. Daga nan saƙon ya wuce mafita, gulobus falidus, sai zangon talamus, sannan ya koma ɓawon da ya fito.

Mafitar nan ce ke da ban mamaki. Ko mutum yana zaune shiru, ƙwayoyinta ba sa hutawa. Kullum suna sakin sinadarin GABA da ke danne talamus, tamkar direban da bai ɗaga ƙafa daga kan birki ba. Saboda haka motsi ba ya samuwa sai an saki birkin. Hanya biyu ke kula da wannan. Miƙaƙƙiya tana danne mafitar na ɗan lokaci, talamus ya sami sarari, motsin da ake so ya fita. Ta zagaye kuwa tana ratsawa ta wani ƙaramin dunƙule mai suna subtalamus, ta ƙara matsa birki a kan sauran motsin da zai kawo cikas. Masu bincike a Amurka ne suka tsara wannan bayani a 1989 da 1990. Ya taimaka ƙwarai, amma ya sauƙaƙa lamarin fiye da kima, don gwaji kan ɓeraye daga baya ya nuna hanyoyin biyu tare suke tashi idan za a fara motsi.

Mai daidaita su shi ne sinadarin dofamin, wanda ke fitowa daga wani baƙin dunƙule a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Yana ƙarfafa miƙaƙƙiyar hanya, yana sassauta ta zagaye. Shi ne kuma ke sa motsin da aka maimaita aka ji daɗin sakamakonsa ya zama jiki, har a riƙa yin sa ba tare da tunani ba.

Idan ƙwayoyin baƙin dunƙulen suka mutu, birki sai ya ƙi saki. Wannan ita ce cutar Parkinson, wadda likita James Parkinson ya bayyana a Landan a 1817: jinkirin motsi, sandarewar jiki, karkarwar hannu lokacin hutu, gajeren taku, rubutu ya ƙanƙance. Tsokar maras lafiya tana da ƙarfinta, fara motsin ne ke gagara. Wannan cuta ce aka tabbatar wa ɗan dambe Muhammad Ali a 1984. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya ba zomayen da wani magani ya sandarar lebodofa, sinadarin da jiki ke mayarwa dofamin, suka tashi suna yawo, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. A 1960 Oleh Hornykiewicz ya gano ƙarancin dofamin a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar. Har yau lebodofa ne babban magani. Yana rage alamomi, ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin. Ga wasu da magani ya daina riƙe su yini guda, ana dasa siririyar waya a subtalamus tana ba da ɗan lantarki, dabarar da Alim-Louis Benabid ya jagoranta a Faransa.

Akasin haka ma yana faruwa, birki ya lalace, jiki ya riƙa fizge-fizge ba da son mai shi ba. Haka cutar Huntington take, ta gado ce, kuma kowane ɗan mai ita yana da rabin yiwuwar gadonta. Toshewar jijiyar jini a subtalamus kan sa hannu da ƙafar ɓari ɗaya su riƙa wurgi da ƙarfi. Wasu yara kan sami irin wannan fizga makonni ko watanni bayan ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba, kuma ba wuya a ɗauka aljanu ne, alhali garkuwar jiki ce ta auka wa waɗannan dunƙule-dunƙule.

Wasu magungunan taɓin hankali da na amai, irin su halofiridol da metokulofiramid, suna toshe aikin dofamin, su haifar da sandarewa ko karkarwa mai kama da Parkinson. Yawanci tana lafawa idan likita ya rage maganin ko ya sauya shi.