Yadda Aka Ceto Garken Klinse-Za Daga Ƙarewa

A shekarar 2013 aka ƙidaya garken karibu na Klinse-Za, a duwatsun arewa maso gabashin lardin Birtish Kolombiya na ƙasar Kanada, aka tarar saura 38. A shekarun 1990 sun kai wajen 250. Garken Burnt Pine da ke maƙwabtaka da su kuwa, zuwa 2013 ya riga ya ƙare ƙurmus.

Karibu dabba ce dangin barewa, mai ƙaho rassa-rassa, mace da namiji duk suna da shi. Da hunturu, abincinta wata irin gansakuka ce da ke fitowa a kan duwatsu da jikin tsofaffin itatuwa, wadda sai ta shekara da shekaru kafin ta yi kauri. Ga ta da jinkirin haihuwa: ɗa guda tal a shekara. Garke irin wannan in ya fara zubewa, tashinsa sai an sha wuya.

In ka tambayi abin da ke cinye su, za a ce maka kyarkeci ne. Gaskiya ne, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Tun fil azal kyarkeci da karibu suke zaune a ƙasa ɗaya, kuma dabarar karibu ita ce ta haye can saman dutse ko ta shige tsohon kurmi inda dusar ƙanƙara ke da zurfi, inda kyarkeci ba ya ganin ribar binta. Mutum ne ya rushe wannan tsari. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Bennett, tafkin Williston ya datse hanyoyin da dabbobin ke bi. Sai masu yankan katako, da masu haƙar kwal, da masu neman iskar gas suka tsattsaga dajin da hanyoyi. Duk inda aka sare tsohon kurmi, sabon toho ke fitowa, toho ya jawo manyan barewar da ake kira mus, su kuma su jawo kyarketai su hayayyafa. Hanyoyin da aka share suka zama musu titi miƙaƙƙe har inda karibu ke ɓuya.

Waɗanda suka tashi tsaye su ne 'yan asalin ƙasar, al'ummomin West Moberly da Saulteau. Wata yarjejeniya da aka ƙulla da gwamnati a 1899 ta ba su haƙƙin farauta, amma tun shekarun 1970 dattawan West Moberly suka hana kansu taɓa karibu da suka ga tana raguwa. Wato akwai magidanta a cikinsu da ba su taɓa ɗanɗana naman da ya raini kakanninsu ba, alhali ba su suka ɓata dajin ba.

A 2014 suka kafa shingen haihuwa a saman dutse. Cikin watan Maris ake bin mata masu ciki da jirgi mai saukar ungulu, a harba musu raga, a rufe musu ido don su natsu, a kai su cikin shingen. Masu gadi daga al'ummomin biyu suna kwana suna tashi a wurin, suna zagaya shingen don kada wani naman daji ya kutsa. Da farko gansakuka ake ba dabbobin, wadda jama'a ke fita su tsinko da hannu buhu-buhu, sannan a hankali a saba musu da abincin da aka sarrafa. Suna haihuwa a watan Mayu zuwa Yuni. Sai 'ya'yan sun yi kamar wata biyu, ƙafarsu ta yi ƙwarin gudu, ake buɗe musu ƙofa, domin a makonnin farko ne mafi yawansu ke halaka a daji.

Ɗaya ɓangaren aikin ba shi da daɗin ji: kashe kyarketai. Mafarautan al'ummomin suna ɗana tarko, gwamnatin lardi kuma tun 2015 take harbinsu daga sama. Masu kare haƙƙin dabbobi sun yi ta suka, kuma ba a rasa hujja a bakinsu ba, don kyarkeci bai sare itace ko ɗaya ba. Sai dai garken da ya rage 38 ba zai jira kurmi ya sake girma ba. Zuwa 2021 Klinse-Za ya kai 101.

Kada wannan adadi ya ruɗe mu. Garken Selkirk ta Kudu shi ma an kashe masa kyarketai, amma a 2019 aka kwashe ragowarsa daga daji. Shinge da bindiga lokaci kawai suke saye. Ranar da aka daina, in dajin yana nan a tsattsage, kyarketai za su dawo. Shi ya sa, a ganina, babban abin da aka cim ma shi ne yarjejeniyar watan Fabrairun 2020, wadda gwamnatin Kanada da ta lardi da al'ummomin biyu suka sa wa hannu, aka keɓe wa karibu kusan murabba'in kilomita 8,000. Ba a kai nan cikin ruwan sanyi ba, don a garuruwan katako irin su Chetwynd an yi ta tada jijiyar wuya kan tsoron rasa aiki.

Yanzu ana toshe tsofaffin hanyoyi, ana jibge kututture a kansu, ana dasa itatuwa. A 2024 aka faɗaɗa gandun dajin Klinse-Za zuwa kusan hekta 200,000. Itacen da aka dasa bana sai ya yi shekaru gommai kafin gansakuka ta kama jikinsa, don haka masu gadin shingen suna da sauran aiki a gaba.