Ɗaure Manhaja a Siga Ɗaya: Bashin da Masu Gentoo Ke Ci

A Gentoo, tsarin Linux da Daniel Robbins ya assasa, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2002, al'adar ita ce Portage, mai sarrafa manhajojin tsarin, ya ɗauko rubutun asali na manhaja ya harhaɗa shi a kan kwamfutar mai ita. Tsarin ba ya jiran ranar fitar da sabon bugu, kullum cikin sabuntawa yake. Shi ya sa masu kula da sabar ke yawan ɗaure manhaja: su buɗe package.mask a cikin /etc/portage, su rubuta layi guda da zai hana Portage taɓa duk sigar da ta wuce wadda suka amince da ita. Ba a rasa dalili ba. Harhaɗa Chromium ko QtWebEngine kan cinye sa'o'i, kuma duk wanda sabuwar siga ta taɓa tsayar masa da aiki ba ya fatan a maimaita.

Sai dai a tsarin da ke harhaɗawa daga tushe, ɗauri ba ya tsayawa inda aka yi shi. Manhajar da aka ɗaure tana jingine da wasu, su kuwa ba su daina tafiya ba. Ranar da ɗayarsu ta canza sosai, sau da yawa sai an sake harhaɗa tsohuwar, kuma galibi da sabon GCC, wato mai harhaɗawar, za a yi. Nan ake yin ta. GCC 14, wanda ya fito a 2024, ya mayar da wasu kurakuran C da a da yake gargaɗi kawai a kansu suka zama masu tsayar da aiki, tsofaffin rubuce-rubuce da dama suka ƙi harhaɗuwa. Ga shi kuma masu kula da rumbun Gentoo na cire ebuild, wato fayil ɗin umarnin harhaɗawa, na sigogin da suka tsufa, sai mai ɗauri ya wayi gari yana kwafe shi zuwa rumbun kansa, yana yi masa faci da hannu, umarnin emerge na Portage kuma na cika masa allo da ƙorafin saɓani. Layi guda ya zame masa aikin kullum.

Masu kare ɗauri kan kawo batun manhajar xz. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar sirri da aka dasa a siga ta 5.6.0 da 5.6.1, wanda ke kan tsohuwar siga kuwa abin bai same shi ba. Haka ne, amma Gentoo da kanta ta toshe waɗannan sigogin ga kowa, kuma toshewar ta wucin gadi ce. Ɗaurin da aka manta da shi daban yake. Wanda ya ɗaure OpenSSL a 1.0.1f ya hana kansa 1.0.1g, sigar da ta rufe ɓarakar Heartbleed a Afrilu 2014. Umarnin glsa-check na Gentoo zai faɗa masa akwai haɗari, in ya tuna ya duba, amma ba zai goge masa layin da ya rubuta ba.

Wanda ke buƙatar komai ya tsaya cak yana da Nix da Guix, masu ɗaure rumbun gaba ɗaya a matsayi guda, har da kayan harhaɗawar, ko Debian mai yi wa tsofaffin sigogi facin tsaro. A Gentoo kuwa, duk layin ɗaurin da ba a rubuta dalilinsa da ranar cire shi a samansa ba, gara a goge shi.