Shin karatu na kashe ido?

A Birnin Damagaram, kewaye da fadar Sarki, akwai mutanen da ido ne jarinsu: dukawa, maɗinka hula, da malamai masu rubutu da alƙalami. Wuni suke duƙe bisa aiki. In ɗayansu ya manyanta ya kasa zura zare a allura, sai a ce aiki ya cinye masa ido. Zancen ya kai ƙauyuka, har wani kan ji tsoron shiga ajin yaƙi da jahilci. To jama'a, mu duba gaskiyar magana.

Idon babba

Cikin ido akwai wata ƴar ƙwaya garai-garai kamar gilashi. Ita ke lanƙwasawa don mu ga abin da ke kusa. Daga shekara 40 zuwa 45 takan fara tauri. Sai mutum ya riƙa miƙa takarda nesa da fuska kafin ya ga baƙaƙe. Wannan na samun kowa, da mai karatu da wanda bai taɓa riƙe littafi ba. Makiyayi bai lura da wuri, don garkensa na nesa. Sai ran da ya zo cire ƙaya a ƙafa ya gane. Ke nan shekaru ne, karatu ba ya da laifi.

Maganin abin shi ne madubin ido na karatu. A ƙasar Indiya an ba masu tsinkar ganyen shayi irin wannan madubi. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna aikinsu ya ƙaru da wajen kashi 22 cikin 100. Madubi ba ya raunana ido. Karatu a gindin ƴar fitila yana gajiyar da ido, yana sa ciwon kai, amma in an huta ya wuce.

Idon yaro

Nan ne ake son hattara. Idon yaro girma yake har wajen shekara 20. Idon babba, daga gaba zuwa baya, bai wuce milimita 24 ba. In na yaro ya zarce tsawo, ko da milimita 1 ne, zai ga kusa sarai, amma nesa sai dishi-dishi. Abu uku ke jawo haka: gado, daɗewa bisa aikin kusa, da rashin fita hasken rana.

A manyan biranen Sin da Koriya ta Kudu, inda yara ke wuni a ɗaki da littafi, 8 ko 9 cikin 10 na masu gama sakandare ba su ganin nesa sai da madubi. A birnin Guwanzu na Sin an ƙara wa ƴan makaranta minti 40 na wasa a fili kowace rana. Bayan shekara 3, yara 30 cikin 100 suka kamu, alhali a makarantun da ba a yi haka ba kusan 40 ne. A 2015 aka bayyana wannan.

Yaranmu na karkara suna da rana isasshiya, a gona da wurin kiwo. Na cikin gari ne abin kulawa: lakwal da safe, allo da dare, ga kuma wayar hannu.

Abin da za mu yi

Yaro ya samu awa 2 a fili kullum, ko a inuwar itace ne. Kar ya manna littafi ko waya a fuska: a bar tazarar kamu ɗaya. Mai karatu ko ɗinki ya riƙa ɗaga kai bayan kowane minti 20, ya dubi nesa.

In yaro na ƙanƙance ido, ko ba ya ganin rubutun malam daga bayan aji, kar a ce daƙiƙi ne. A kai shi a auna idonsa a likita mafi kusa, ko babban asibitin Damagaram. Ido mai ja da kwantsa kuwa ciwo ne dabam, kamar amodari. Kar a ɗiga masa maganin kan talla.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ku ci gaba da karatunku. Ku dai tura yara su sha hasken rana.